Sao Tome da Principe: Tattalin Arzikin Tsibiran Koko da Hanyoyin Zuba Jari a Cikinsu

Da mutum zai tashi daga Ƙauran Namoda ya miƙe kudu sak, bai karkata gabas ko yamma ba, zai ƙetare kogin Kwara, ya ratsa dazuzzukan kurmi, ya kai bakin teku a yankin Neja Dalta. In ya ci gaba a kan ruwa, bayan tafiyar da jimlarta ta kusa kilomita 1,400, zai ci karo da wani tsibiri mai duwatsu, lulluɓe da daji, dab da layin ikwaita. Sunansa Sao Tome. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 860 ne, watau kusan daidai da ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda, wadda garin Banga ke cikinta, mai murabba'in kilomita 868. Shi da wani ƙanensa mai suna Principe, wanda faɗinsa bai wuce 140 da 'yan kai ba, su ne suka haɗu suka zama ƙasa guda mai tutarta, da kuɗinta da ake kira dobara, da kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su kai 250,000 ba, alhali ƙidayar 2006 ta ba Ƙauran Namoda ita kaɗai mutum 281,367. Ƙaramar hukumar Zurmi kuwa ta kusa ninka faɗin ƙasar sau uku. A duk Afirka, ƙasar Seychelles ce kawai ta fi ta ƙanƙanta.

To, da me irin wannan ƙasa take rayuwa, kuma ina mai kuɗi zai sa jarinsa a cikinta ya tsira da uwa da riba? Tambaya ce ta masana tattalin arziki, amma mafi yawan amsarta tana hannun masu ilmin halittu, domin kusan duk abin da tsibiran suka taɓa sayarwa daga ƙasar noma da daji da teku ya fito, kuma duk lokacin da arzikinsu ya karye, akwai hannun wani abu mai rai a ciki.

Tsibiran da wuta ta haifa

Sao Tome da Principe kawunan duwatsu ne masu aman wuta waɗanda suka daɗe da mutuwa. Suna cikin wani jeri da ya faro daga tsibirin Annobon a can cikin teku, ya biyo ta kansu, ya bi ta tsibirin Bioko da Dutsen Kamaru, ya shiga tudu har zuwa tsaunukan Adamawa da na Biu a Jihar Barno. Principe ya fi tsufa, ana ƙiyasta shekarunsa da miliyan 31, shi kuwa Sao Tome tsofaffin duwatsunsa sun haura shekara miliyan 13. Dutsen da aman wuta ya bari, in ya ruɓe, yakan zama ƙasa mai taki ƙwarai. Wannan shi ne jarin farko na tsibiran.

Na biyu shi ne ruwan sama. Iska mai laima tana busowa daga kudu maso yamma, ta ci karo da tsaunin da ƙololuwarsa ta kai mita 2,024, ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta. Saboda haka a kudancin Sao Tome akan sami fiye da milimita 5,000 a shekara, arewa maso gabas kuwa, inda babban birnin yake, da ƙyar ya kai 1,000. Manomin Shinkafi ko Zurmi, wanda daminarsa ba ta cika kai milimita 1,000 ɗin ba, zai gane abin da ake nufi da ninki biyar. Ke nan a cikin filin da bai wuce ƙaramar hukuma ɗaya ba akwai kurmi mai duhu, akwai kuma fili mai ciyawa da bishiyoyin kuka.

Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne, tsibiran ba su taɓa haɗuwa da nahiyar Afirka ba. Tsakaninsu da gaɓar Gabon akwai ruwa mai zurfi na fiye da kilomita 200. Duk wata halitta da ke can, kakanninta ƙetarowa suka yi: tsuntsaye da jemagu da fiffike, 'ya'yan itatuwa a cikin hanjin tsuntsu ko a kan igiyar ruwa. Har kwaɗi akwai, su da ruwan gishiri ke kashewa, kuma masu bincike sun fi rinjaya ga cewa a kan tarin itatuwa da ciyayi da ambaliyar manyan koguna irin su Kwango ke turowa cikin teku suka iso. Waɗanda suka tsira suka daɗe a keɓe, siffarsu ta sauya har suka zama jinsuna dabam. A yau akwai jinsunan tsuntsaye wajen 28 da ba a samun su ko'ina a duniya sai nan. A cikinsu akwai wani sha-kauci da ya fi dukan danginsa girma, da wani kanari da ya fi kowane kanari girma, da wani ɗan'uwan jinjimi da ya ƙanƙance ya zama wada.

A 1967 wasu masana biyu na Amurka, Robert MacArthur da Edward Wilson, suka bayyana ƙa'idar da ke mulkin rayuwa a tsibiri: gwargwadon ƙanƙantar tsibiri da nisansa daga tudu, gwargwadon ƙarancin jinsunan da zai iya riƙewa, kuma bala'i ɗaya yana iya shafe jinsi baki ɗaya, tunda ba shi da wata mafaka. Ɗalibi ya riƙe wannan ƙa'ida, domin kusan haka take a kan sana'o'in mutanen tsibiri.

Rake, sa'an nan koko

Babu kowa a tsibiran sa'ad da matuƙan jiragen ruwan Fotugal suka iso wajen 1470. A 1493 aka kafa mazauni mai ɗorewa a ƙarƙashin Alvaro Caminha, aka shiga sayo bayi daga gaɓar Benin da ta Kwango ana noma rake. Kafin tsakiyar ƙarni na 16 Sao Tome ya shiga sahun gaba na masu sayar wa Turai sukari. Sai dai laimar da ke sa rake ya yi kyau ita ce ke hana sukarin bushewa sosai, don haka da Barazil ta shigo kasuwa da sukari mafi inganci, masu saye suka koma can. A 1595 bayi suka yi tawaye a ƙarƙashin wani mai suna Amador, suka ƙona gandaye da injinan matse rake masu yawa. Masu jari suka kwashe nasu ya nasu suka nufi Barazil. Kusan shekara ɗari biyu tsibiran suka koma zangon jiragen fataucin bayi kawai.

Wajen 1820 aka kawo wata bishiya daga Barazil, wadda asalinta kurmin Amazon ne. Ita ce bishiyar koko, kuma kada mai karatu ya haɗa ta da kokon gero da ake sha da ƙosai, suna ne kawai ya zo ɗaya. Daga ƙwayarta ake yin cakulan da garin da ake damawa da madara. Tsibiran nan suna cikin wurare na farko da aka shuka ta a Afirka. Daga nan ta ƙetara zuwa Fernando Po, watau Bioko ta yau, daga can kuma ta shiga kudancin Nijeriya da Gwalkwas, ƙasar da yanzu ake kira Gana, inda ake danganta kai ta ga wani maƙeri, Tetteh Quarshie, a 1879.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Turawan Fotugal suka mamaye filayen tsibiran suka mai da su manyan gandaye, kowane da gidan ubangida, da bukkokin ma'aikata, da asibitinsa, wasu har da ƙaramin layin dogo. A farkon ƙarni na 20, na 'yan shekaru, wannan ɗan wuri ya fi kowace ƙasa a duniya fitar da koko, kuma wajen 1913 abin da ake samu a shekara ya kai kimanin tan 36,000.

Guminsu wa? An soke bauta a takarda tun 1875, amma aka ci gaba da kawo mutane daga Angola da sunan 'yan kwantiragi, ana kamo su daga ƙauyuka, kuma kusan babu mai komawa gida. Wani ɗan jarida Baturen Ingila, Henry Nevinson, ya tona asirin a 1906. A 1909 kamfanonin cakulan na Ingila, Cadbury da Fry da Rowntree, suka daina sayen kokon tsibiran, suka juya ga Gwalkwas, inda ƙananan manoma ke nomansa a gonakinsu na gado. Kafin 1911 ta ƙare Gwalkwas ta karɓe matsayi na ɗaya. Manomi mai kadada biyu da iyalinsa ya kayar da gandu mai ma'aikata dubu, domin kuɗin da yake kashewa a kan kowane buhu bai kai nasu ba.

Ɗan ƙwaron da ya ƙarasa gandaye

A nan ya kamata a tsaya a dubi ita kanta bishiyar. Koko ɗan ƙarƙashin inuwa ne. A kurminsa na asali manyan itatuwa ke rufe shi, suna tare masa zafin rana da iska. Furanninsa ƙanana ne, a jikin kututture da manyan rassa suke fitowa, kuma zuma ba ta iya yi musu barbara. Aikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje ne waɗanda ba su kai ƙwayar gero girma ba, masu hayayyafa a cikin ruɓaɓɓen ganye da ɓawo mai laima a gindin bishiya. Ko a gona mai lafiya, a cikin fure ɗari da wuya biyar su zama 'ya'ya. Kowane ɗa yana ɗauke da ƙwaya 30 zuwa 40, kuma sai bishiya ta shekara uku zuwa biyar kafin ta fara bayarwa.

In aka sare itatuwan inuwa, koko yakan yi 'ya'ya da yawa a shekarun farko, domin ya sami haske. Wannan shi ne tarkon. Bishiyar tana zuƙe takin ƙasa da sauri, ganyen da ke rufe ƙasa ya bushe, ƙudajen barbara su ragu, ita kuma ta galabaita. Masu gandayen Sao Tome, da ganin farashi ya yi kyau, suka yi ta sare daji suna hawa gangaren tsaunuka, suna kuma rage inuwa a cikin gonaki. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya sai wani ɗan ƙwaro mai jan ɗamara a cikinsa, wanda tsawonsa bai fi milimita ɗaya da ɗan kai ba, ya ɓarke. Yana kankare fatar ganye yana tsotse ruwansa har ganyen ya ƙone ya zube, kuma an san ya fi yaɗuwa a kan kokon da rana ke duka. Ya haɗu da gajiyar ƙasa da faɗuwar farashi, daga shekarun 1920 amfanin gandaye ya yi ta raguwa, bai kuwa sake farfaɗowa ba.

Dattawan arewacin Zamfara sun ga irin wannan da idonsu. Tun da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda daga Zariya a 1929, gyaɗa da auduga suka zama hanyar samun kuɗin talaka, ana loda buhuna a tasha zuwa Ikko. Nijeriya ta kai ga zama kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa a shekarun 1960. Sai fari ya zo a 1973, sa'an nan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa daga shuka zuwa shuka, ta lalata kadada kusan dubu 700 a Arewa. Dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi. Bambancin shi ne, manomin Banga yana da gero da dawa da wake da 'yan dabbobi, kuma yana iya tafiya cin rani. Mazaunin tsibiri teku ce ta kewaye shi ta kowace fuska.

Bayan mulkin kai

Ƙasar ta sami 'yanci ranar 12 ga Yuli, 1975, Manuel Pinto da Costa ya zama shugaba. Turawan da ke gudanar da gandaye suka fice kusan a lokaci ɗaya, gwamnati ta karɓe gandayen ta mai da su nata, ba tare da isassun ƙwararru ba. Koko, wanda a lokacin ya kai wajen tan 10,000, ya ci gaba da zamewa. A 1990 aka koma tsarin jam'iyyu da yawa, kuma a shekarun da suka biyo aka rarraba filayen gandaye ga tsofaffin ma'aikata, kowa ya sami 'yar gonarsa. Yanzu abin da ake samu a shekara yana wajen tan 3,000 zuwa 4,000, alhali Kodebuwa takan kai tan miliyan biyu.

Har zuwa 2023, dukan abin da ƙasar ke samarwa a shekara bai kai na dala biliyan ɗaya ba. Shinkafa, da fulawa, da siminti, da magani, da man injin, duk a jirgi suke zuwa, kuma abin da take saye ya ninka abin da take sayarwa sau da dama. Giɓin ana cike shi da tallafi da bashi da kuɗin baƙi masu yawon buɗe ido. Mafi yawan ayyukan raya ƙasa da kuɗin ƙasashen waje ake yin su. An yafe mata kaso mai yawa na bashinta a 2007. Daga 2010 aka ɗaure dobara a jikin kuɗin Turai na yuro, kuma tun sauyin kuɗi na 2018 yuro ɗaya dobara 24.5 ne, abin da ke ba ɗan kasuwa natsuwa wajen lissafi. A Disamba 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire ta daga jerin ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba, saboda abin da ta cim ma a fannin ilmi da lafiya. Yabo ne, amma yana nufin wasu rangwamen da take samu za su janye sannu a hankali.

Man fetur da jiran gawon shanu

Alaƙar Nijeriya da tsibiran ba sabuwa ba ce. A lokacin Yaƙin Basasa, daga 1968 zuwa 1970, daga filin jirgin Sao Tome ne ƙungiyoyin agaji ke tashi da dare suna kai abinci Biyafara. Amma abin da ya ɗaure ƙasashen biyu a yau shi ne ruwan da ke tsakaninsu. Kowace ta yi da'awar wani yanki na teku mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 34,500, wanda ake zaton duwatsun da ke ƙarƙashinsa ci gaban na Neja Dalta ne. Maimakon jayayya, a Fabrairu 2001 gwamnatocin biyu, ta Olusegun Obasanjo da ta Miguel Trovoada, suka sa hannu a Abuja cewa za a haƙa tare, Nijeriya ta ɗauki kashi 60 cikin ɗari, Sao Tome kashi 40. Hedkwatar hukumar haɗin gwiwar tana Abuja.

Tun ba a ga ɗigo ɗaya ba, ƙanshin mai ya gigita siyasa. A Yuli 2003, Shugaba Fradique de Menezes yana halartar taro a Abuja sojoji suka karɓe mulki. Bayan mako guda aka sasanta, Obasanjo da kansa ya raka shi gida. A ƙarshen 2004 majalisar ƙasar ta kafa dokar sarrafa kuɗin mai, wadda ta tanadi asusu na musamman da ajiya domin 'yan baya, kuma masana da dama sun yabe ta. A 2005 aka ba da fili na ɗaya ga Chevron da ExxonMobil da wani kamfani mai alaƙa da rukunin Dangote mai kashi 9 cikin ɗari, suka biya dala miliyan 123 na sa hannu, rabon Sao Tome ya kama wajen miliyan 49. A 2006 Chevron ta haƙa rijiyar farko, ta tarar da mai da iskar gas, amma bai kai yawan da zai biya kuɗin fito da shi daga ruwa mai zurfin fiye da kilomita ɗaya da rabi ba. Rijiyoyin da aka haƙa bayanta ma haka. A 2022 Shell da Galp ta Fotugal suka gwada a ruwan Sao Tome na ƙashin kanta. Har yanzu ƙasar ba ta sayar da gangar mai ko ɗaya ba. Dokar tana nan, asusun yana nan, amma matasan da aka yi wa alkawarin aiki a 2003 yau sun zama magidanta, kuma da yawansu suna Lisbon ko Luwanda.

Inda jari zai iya shiga

Ƙaramar ƙasa ba za ta yi gasar yawa da kowa ba. Kasuwarta ta cikin gida ba ta kai ta garin Gusau ba, kuma kuɗin jirgi yana cinye ribar duk wani kaya mai nauyi da arha. Abin da ya rage mata shi ne kaya mai tsada a ɗan ƙaramin buhu, da kuma abin da sai an zo can za a gan shi.

Koko ne na farko, amma ta wata sabuwar hanya. Talaucin da ya hana ƙananan manoma sayen taki da maganin feshi ya zame musu alheri, domin gonakinsu sun cancanci shaidar noman da babu sinadari, wanda ake saye da tsada a Turai. Tun wajen 2005 ƙungiyar gama-kai ta CECAB ke tattara kokon dubban manoma tana sayar wa kamfanin Kaoka na Faransa. Sirrin yana wajen sarrafawa. In aka fasa ɗan koko, ana zuba ƙwayoyin da farin ruwan da ke jikinsu a akwatin katako na kwana biyar zuwa bakwai. Ƙwayoyin yis su fara cin zaƙin su mai da shi barasa, bakteriya su mai da barasar ruwan tsami, zafi ya tashi har ya kusa digiri 50, ƙwayar ta mutu, ɗacinta ya ragu, ƙanshin cakulan ya fara samuwa. Duk wadda ta taɓa yin daddawa ta san wannan aiki, ko da ba ta san sunayen masu yin sa ba. Manomin da ya sayar da ɗanyen koko kaɗan yake samu, wanda ya ruɓar ya shanya da kyau shi ke cin riba. Jari a nan na akwatuna ne, da rumfunan shanya, da 'yan masana'antun cakulan irin wadda wani Ba'italiye, Claudio Corallo, ya kafa a tsibirin. Da farashin koko ya haura dala 10,000 kowane tan a 2024, saboda cuta da rikicewar damina a Gana da Kodebuwa, manoman tsibiran sun amfana, amma irin wannan tashi ba abin dogaro ba ne. A wannan shekarar ce kuma hukumar FAO ta sa noman kokonsu na ƙarƙashin inuwa cikin jerin tsare-tsaren noma na gado masu muhimmanci ga duniya. A cikin gonakin nan ana haɗa ayaba da gahawa da masoro da banila, don haka in farashin ɗaya ya faɗi akwai na kamawa.

Na biyu yawon buɗe ido. A 2019 baƙi kusan 35,000 suka ziyarci ƙasar. Suna zuwa ne domin tsuntsayen nan, da kunkurun teku masu fitowa yin ƙwai a rairayi, da tsofaffin gandaye. Ɗaya daga ciki, gandun Sundy na Principe, yana da daraja ta musamman ga ɗalibin kimiyya, domin a nan ne Arthur Eddington ya ɗauki hotunan husufin rana ranar 29 ga Mayu, 1919, waɗanda suka nuna cewa nauyin rana yana lanƙwasa hasken taurari kamar yadda Einstein ya faɗa. Daga baya gidan ya zama masaukin baƙi a hannun kamfanin HBD na attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a Principe. Raunin wannan sana'a ya fito fili a 2020, da annobar korona ta tsayar da jirage.

Teku kuwa ta ninka tudun ƙasar sau 160, kuma kifin tuna yana ratsa ta. Masuntan gida a kwalekwale suke fita, ba sa iya nisa, ba su da isassun gidajen ƙanƙara. Manyan jiragen Turai ne ke kamun, kuma a yarjejeniyar 2019 Tarayyar Turai ta amince ta riƙa biyan yuro 840,000 a shekara a kan ma'aunin tan 8,000. Mai karatu ya raba da kansa ya ga abin da ya kama a kan kowane kilo. Wurin sanyaya kifi da sarrafa shi a gida fili ne da ke nan a buɗe.

Sai dai duk waɗannan suna cin karo da abu biyu. Babu tashar jirgin ruwa mai zurfi, don haka babban jirgi a nesa yake tsayawa, a riƙa jido kaya da ƙananan jirage. Wutar lantarki kuma kusan dukanta daga injinan dizal take, da man da aka daɗe ana karɓowa bashi daga Angola, ga tsada ga yawan ɗaukewa, alhali koguna na gangarowa daga tsauni ta ko'ina, kuma tashar ruwa ta Contador da aka gina tun zamanin Turawa kaɗan take bayarwa. Wanda ya sa kuɗi a wutar ruwa da ta rana ya taɓa jijiyar dukan sauran sana'o'i, amma dole ya yi lissafin cewa mai sayen wutar kamfanin gwamnati ne da bashi ya yi wa katutu. Harshen hukuma da na kotu Fotugis ne, wannan ma ɗan kasuwar Nijeriya ya sa shi a lissafi.

Akwai jarin da ya raba kan masana, watau manja. A 2009 aka ba kamfanin Agripalma, na rukunin Socfin, filin da ya kusa kadada 5,000, ya shuka kwakwar manja a kimanin 2,100 a kudancin Sao Tome, kuma tun da injinsa ya fara aiki a 2019 manja ya zama abokin gasar koko a kayan da ake fitarwa. Ya samar da aiki a yankin da ya fi ko'ina talauci, wannan babu musu. Amma gonar tana maƙwabtaka da gandun dajin Obo da aka keɓe a 2006, a daidai kurmin ƙasa-ƙasa inda wadan jinjimin nan yake zaune, kuma hanyoyin da aka buɗe sun sauƙaƙa wa mafarauta da masu yankan katako shiga. Gonar shuka iri ɗaya, ba inuwa, a kan ƙasar da ruwan milimita 5,000 ke duka, ta yi kama da gandayen 1913 fiye da yadda ya kamata hankali ya kwanta.

Ba sai da gatari ake yi wa tsibiri ɓarna ba. Wani babban dodon koɗi da aka shigo da shi daga gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarnin da ya wuce ya bazu a gonaki, yayin da na asalin tsibirin ya ja da baya zuwa tsakiyar daji. Ɓeraye da birai da aka kawo tun zamanin jiragen Fotugal suna cin ƙwan tsuntsaye da 'ya'yan koko. Saboda haka duk kayan da za a sauke a tashar, iri ne ko katako ko dabba, yana bukatar idon masanin ƙwari da cututtukan shuka kafin na jami'in kwastan.

Hukumar UNESCO ta ayyana Principe a matsayin keɓaɓɓen yankin kare halittu a 2012, sa'an nan a 2025 ta ƙara da tsibirin Sao Tome, ƙasar ta zama ta farko da dukan faɗinta ya shiga wannan tsari. A ƙarƙashinsa akan raba ƙasa gida uku: tsakiya inda ba a taɓa komai, da kewayenta inda ake yarda da bincike da yawon buɗe ido da noman ƙarƙashin inuwa, da kuma waje inda garuruwa da masana'antu suke. Mai neman fili a yau, ko na masauki ne ko na gona, tambayar farko da zai yi wa hukuma ita ce a wane gida filin ya faɗa.